Gansakuka Ta Mamaye Min Tankin Murjani

Tambaya: Malam, sati uku kenan da haɗa tankin kifin ruwan gishiri, yanzu wata gansakuka mai launin ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilas, na goge ta dawo. Ya zan yi?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kusan kowane sabon tanki sai ya yi wannan, silikat (wani sinadari da ke narke a ruwa) gansakukar ke ci, in ya ƙare da kanta take ɓacewa. Amma daina zuba ruwan famfo don yakan zo da silikat, sai tataccen ruwan RO, wato wanda na'urar tace ruwa ta cire wa sinadarai. Rage kunna fitilar tankin zuwa awa 6 a rana, rage abinci kuma, don ragowarsa ke zama nitret da fosfet, sinadaran da ke ciyar da gansakuka. Canja kashi 10 na ruwan duk sati, ka sa dodon koɗi su lashe ta. Maganin kashe gansakuka kam ban ba ka shawara ba, yana iya taɓa murjanin.