Amsa: Wasiƙun kaka daga yaƙin Bama

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kun tarar da wasiƙun kakanku cikin tsohuwar adaka a Zuru, waɗanda ya riƙa aikowa gida lokacin yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu), kana tambayar yadda za ku adana su.

Don Allah kar ku kai su a yi musu laminatin, zafin injin yana lalata tsohuwar takarda kuma in an liƙe ba ta ɓaruwa. Ka fara ɗaukar hoton kowacce da waya, gaba da baya har da ambulan, saboda hatimin da ke jiki zai iya nuna shekara, sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙin tsakanin 1943 da 1945 ne. In ka ga an goge wani layi kar ka yi mamaki, ana tace wasiƙun soja lokacin don kar su faɗi inda suke.

Namu na Argungu da ajami suke, wani dattijon malami ya karanta mana, wallahi sai da inna ta yi kuka, duk tambayar gero da ruwan sama mai wasiƙun yake yi. Ku nisanta naku da danshi da gara.