Ƙirƙirarriyar basira a ajin kimiyya: a hana ko a bari?

Tambaya: Malam, bana na fara koyar da kimiyya a sakandare. Abokan aikina sun rabu biyu kan ChatGPT (manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya a rubuce) da ire-irensa: wasu na cewa a hana ɗalibai taɓa su, wasu na cewa zamani ne ya zo da su. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malama, gardamar nan ta riga ki shiga aji. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022. Kafin a ce kwabo, a Janairun 2023, hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York ta toshe shi a na'urorinta, amma zuwa watan Mayu ta janye haramcin.

Idan kika kasa kunne, za ki ji malaman kimiyya ba su cika jayayya kan malami ya yi amfani da manhajar ba, wajen tsara darasi, ko fitar da tambayoyin gwaji, ko sassauta bayani mai tsauri. Rigimar tana wajen ɗalibi, kuma masu tsoron suna da hujja.

Ɗauki gwajin lilo. Ɗalibi ya ɗaura ɗan ƙarfe a zare, ya sake shi, ya ƙirga lilo ashirin da agogo a hannu, don ya lissafa ƙarfin jan ƙasa. Littafi ya ce 9.8. Shi kuwa sai ya samu 9.4 ko 10.2, ya tsaya yana sosa ƙeya: zaren ne bai auna daidai ba, ko yatsansa ne ya makara wajen danna agogo? Sosa ƙeyar nan ita ce darasin. Manhaja kuwa cikin daƙiƙa kaɗan za ta zubo masa jadawali tsaf, alhali ba ta auna komai ba. Aikinta hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, shi ya sa takan kwafsa a lissafi ko ma'auni ba tare da ko ɗar ba. Ni rahoton da ya fito 9.8 cif ya fi ba ni tsoro.

Sai dai kada ki dogara da manhajojin da ake cewa suna kama rubutun na'ura. OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Ki kira yaron gaban allo, ki ce ya bayyana layi na uku na rahotonsa. Nan take za ki gane.

A ganina, hanawa gaba ɗaya wahalar banza ce, tunda wayar tana aljihunsa. Ki dai kula da shekaru: a 2023 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar kada a bar 'yan ƙasa da shekara 13 su yi amfani da irin wannan manhaja a aji. Manyan kuwa, ki sa su tambaye ta sakamakon gwajin, sannan su ɗauki zare da agogo su auna, su rubuto miki inda suka saɓa da ita da dalili.