Guntun kunnen da muke sakawa a kwalba

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa duk barewar da aka harbo sai an yanki bakin kunnenta an kai gwaji, alhali da gani ka san jar barewa ce. Zauna ka ji.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin kam sau da yawa bai sani ba: gwajin ne ke nuna ko jar barewa, barewar asali ta Sikotland, tana da jinin wata baƙuwar barewa mai suna sika. Barewar sika daga Japan aka kawo ta, ta sauka a gandun Powerscourt na ƙasar Ayalan a 1860, daga baya aka kai ta Sikotland, ta tsere daga gandaye ta bazu a daji. Ƙarama ce, ga ɗigo-ɗigo a jiki. Lokacin barbara namijinta fito yake yi, na jar barewa kuwa ruri. Duk da haka sukan haɗu jefi-jefi, kuma abin da suka haifa ba kamar alfadari ba ne, yana haihuwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ruwa biyun farko rabi da rabi ne, mai ido zai iya zarginsa. In ya barbari jar barewa, ɗansa kwata ne, jikansa ɗaya bisa takwas, tattaɓa-kunnensa ɗaya bisa 16. Kafin a kai nan, ƙaho da fata da girma duk sun koma na jar barewa, amma jinin sika na nan kwance. A binciken da suka wallafa a 2009, Helen Senn da Josephine Pemberton na Jami'ar Edinburgh sun gwada barewa 735 daga yankin Kintyre na yammacin Sikotland da alamomin gado 22, wato wurare a cikin ƙwayoyin halitta da ke bambanta sika da jar barewa. Kusan kashi 7 cikin 100 ruwa biyu ne, amma a yammacin tafkin Awe kashi 43! Da aka sake gwaji da dubban alamomi, wasu da aka ɗauka tsantsa ne sai ga su da gauraye.

Abin da ya fi burge ni shi ne gadon mitokondiriya, wani ɓangare na ƙwayar halitta, wanda ta wajen uwa kaɗai ake samunsa. Shi ya nuna cewa yawanci namijin sika ne ke bin jar barewa mace, duk da ƙanƙantarsa.

Don haka goge wuƙarka tsakanin dabba da dabba, kada jini ya gauraya. Tsoma guntun kunnen a kwalbar sinadarin etanol ya nutse sarai, ka rubuta wuri da rana da jinsi da fensir, don tawadar biro narkewa take yi in sinadarin ya taɓa ta.