Muryar Anti Babba a guruf: batun dinar nan da hodar Auta

Salamu alaikum 'yan gida, ina wuninku. Auta, na saurari muryarki tun da rana, kemis ne ya cika da mutane shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Kin ce dinar ƙawarki za a yi ta da shigar gidajen rawar Amurka na zamanin da, gashin tsuntsu a ka, dogayen sarƙoƙi, safar hannu har gwiwar hannu, kina neman hoda mai ƙyalli wadda ba a gwada ta a jikin dabba ba. To, na ji wannan. Amma abin da ya tsaya min a rai yana can ƙarshen maganarki, inda kika ce mai kwalliya ta ce ki sayo wadda ta fi fatarki haske sosai saboda hoto. Ita ce tambayarki ta gaskiya, kin dai ɓoye ta a ƙarshe. Kada ki saya. Na gaya miki.

Zan dawo kan hodar. Katin da kika turo nake so mu fara dubawa, wanda aka rubuta Cotton Club da ruwan gwal. Wa ya ba su sunan nan, don Allah? Auduga fa ake nufi. Gonakin audugar kudancin Amurka, inda aka bautar da baƙaƙen fata. Gidan rawar a unguwar Harlem yake, a New York, an buɗe shi da wannan sunan a 1922, a'a, 1923 ne, lokacin da aka haramta sayar da giya a ƙasar. Mai shi wani ɗan daba ne, Owney Madden, ya karɓe wurin daga hannun ɗan damben nan Jack Johnson. Unguwar ta baƙaƙe ce, makaɗa baƙaƙe, masu rawa baƙaƙe, masu kawo abinci baƙaƙe, amma kujera ta farar fata ce. An ƙawata ciki kamar gidan ubangijin bayi, ana sa mutane su yi shigar 'yan daji su yi ta tsalle don turawan da suka hauro daga cikin gari su ji daɗi. Duke Ellington ya yi kiɗa a wurin daga 1927 zuwa 1931, kiɗan da Babanmu, Allah ya jiƙansa, yake sa mana a garmaho ranar Juma'a da yamma, kuma sunan da suka laƙaba wa kiɗan nasa shi ne kiɗan dawa.

Shekarar da na je wajen Yaya a Bronx, a New York ɗin dai, sai da na sa ya kai ni kwanar titi na 142 da Lenox, wanda yanzu ake ce wa titin Malcolm X. Ginin babu shi, an rushe tuntuni. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi.

Yauwa, ga inda maganar ta haɗu da hodarki. 'Yan matan da ke rawa a gidan, sharaɗi uku aka gindaya musu: tsawo ƙafa biyar da inci shida ko fiye, shekaru ƙasa da 21, sannan fata mai haske. Wato ko a cikin baƙaƙen sai an tace. Mawaƙiyar nan Lena Horne tana da shekara 16 ta shiga, a 1933. Mace mai duhun fata irin tawa da taki sai a 1932 aka fara ɗauka, Lucille Wilson, wadda daga baya ta auri makaɗin nan Louis Armstrong. Kusan shekara tara ke nan. To ke da ƙafarki za ki je taron da aka sa wa sunan gidan nan, kuma ki ƙara wa fuskarki haske kafin ki shiga? Haba Auta. Ai sharaɗin nasu kika cika musu.

Kuma kada wata ta ce min ai can ne, mu nan babu ruwanmu. Ina aji uku a sakandare muka yi wasan kwaikwayo ranar raba kyaututtuka. Ni na haddace maganar gimbiya kaf, mako uku ina bita a bayan ɗakin kwana, ina tsayawa gaban tagar gilashi ina gwada yadda zan ɗaga hannu. Ana saura kwana biyu malamar ta dube ni a gaban kowa ta ce gimbiya sai fara, ke ki riƙe mafici. Na riƙe maficin nan na kaba, ina fifita yarinyar da take ta tuntuɓe a kan kalmomin da ke bakina. Wadda ta fito a ɓarawo kuma gawayi aka niƙa da ruwa aka shafe mata fuska, iyaye suna ta dariya. Inna tana layi na biyu, ta sa sabon mayafinta. Da muka fito ba ta ce komai ba, ta dai kama hannuna ta matse. Shekara talatin da wani abu ke nan, wallahi har yau in na ga mafici irin wannan sai na tuna. Kuma ku duba finafinan da muke kallo da yara, ku lura wace ce ake ba wa matsayin amarya, wace ce 'yar aiki. Ku lura kawai. Kai, bar wannan, in na shiga ba zan fito ba.

Hodar. Batun dabba da kika tambaya, abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabba tun 2013, kuma akwai tambarin zomo mai tsalle, Leaping Bunny, da za ki gani a jikin wasu. Sai dai a kasuwarmu kowa na iya buga zomo a kwali, don haka ki shiga intanet ki duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin masu tambarin. Amma ƙyallin da kike so ɗin nan, kin san daga ina yake? Wani dutse ne mai sheƙi, a bayan kwalin za ki ga an rubuta Mica ko CI 77019. Da yawansa daga jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya ake haƙo shi, da kuma Madagaska, kuma an sha samun ƙananan yara a cikin ramukan, ramin ya rufta da wasu. Zomon bai ce komai a kan yaran nan ba. Akwai na haɗawa a masana'anta, shi za ki ga an rubuta Synthetic Fluorphlogopite, sunan da tsawo, zan rubuto shi a ƙasa. Shi za ki nema.

Abin da nake tsoro kuma, yau hoda ce, gobe mai ne. Haka ake farawa. A ga hoton dina, ƙawaye su ce kai kin yi kyau, kin yi haske, sai fuskar gaskiya ta fara ba mutum haushi a madubi. Kullum ina ganinsu a kemis. Jiya-jiyan nan wata yarinya ta zo da niƙabi, sai da ta leƙa ta ga babu maza ta ɗaga. Kumatu sun ƙone sun yi baƙi, jijiyoyi kore-kore a fili, gaɓoɓin yatsu kamar an ɗiga tawada. Man haɗi ne a robar da ba suna ba lamba. Abin da ake zubawa ciki sanannu ne: haidirokwinon, sinadarin rage duhun fata, da zaiba wadda ke lalata ƙoda, da irin tub ɗin nan mai ƙarfi da likita ke rubuta wa mai ciwon fata na 'yan kwanaki, su kuma su shekara suna shafawa. Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016, NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi. Man hasken fatar nan Fair & Lovely ma sai da kamfanin Unilever ya canza masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020 da mutane suka taso shi a gaba.

Kuma maganar hoto da mai kwalliyar ta yi, ba gaskiya ba ne. To, tsaya, in yi mata adalci, wataƙila kalolin da ke cikin akwatinta ke nan, yawancinsu ba sa sayen masu duhu. Amma hasken kyamara shi ke tona hoda mai haske, fuska ta fito toka-toka, wuya daban. Ki gwada a muƙamuƙinki, ki fita waje cikin hasken rana, wadda ta ɓace a fatarki ita ce taki. Ki tafi mata da ita a jakarki.

Kayan kuwa ku sa abinku, shigar tana da kyau, kiɗan ma a sa shi. Sunan ne a cire. In lallai sai gidan rawar Harlem, akwai Savoy, an buɗe shi a 1926 a kan titin Lenox ɗin dai, shi baƙi da fari duk suna shiga su yi rawa a fili ɗaya. Ki gaya wa amaryar, in kuma kina jin nauyinta ki turo min lambar mamarta, mun yi Islamiyya tare. Ana kiran magariba, ranar Asabar ki biyo kemis mu je kasuwar tare.