Kakan Mahaifiyata Ɗan Ailan Ne, Ta Ina Zan Faro?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Marigayiya kakata ta sha gaya mana cewa mahaifinta Bature ne ɗan Ailan da ya yi aiki a ma'adinan zinare na Obuasi. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne cikin tsohuwar adakarta, gefensa gara ta ci, sunansa a baya da fensir. Yaya zan gano danginsa?
'Yarka daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki yi saurin tsallaka teku, faro daga gida. Ki zauna da tsofaffin zango tun suna raye, ko laƙabin da ake kiransa da shi ki rubuta. Daga nan ki leƙa ma'ajiyar takardun gwamnati ta PRAAD, suna da reshe a nan Kumasi.

Abin da kike farauta shi ne sunan ƙauyensu, domin suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a Ailan. Masu suna Murphy sun fi a ƙirga.

A 1922 gobarar yaƙin basasa ta cinye ma'ajiyar takardu a Dublin, babban birnin Ailan, takardun ƙidayar jama'a na da suka tafi. Amma na 1901 da 1911 sun tsira, kuma kyauta ake duba su a intanet. Rajistar haihuwa ta gwamnati ta soma a 1864, kafin nan sai littattafan coci.

Hoton nan kuwa, ki ɗauke shi da waya yau, gaba da baya, kafin fensirin ya gama dushewa.