Kafin a kai wanda ya yi haɗari asibiti

Malam, ka tambaya ko ya dace a ɗauki wanda ya faɗo daga kabu-kabu a garzaya da shi asibiti nan take. A ganina, cicciɓar da muka saba yi a nan Damagaram ta fi ɗan jinkiri illa, domin idan ƙashin wuyansa ya taɓu, jijjiga shi kan iya shanye masa jiki. Ka fara kiran 'yan kwana-kwana a lamba 18, ka riƙe kansa kada ya motsa, ka duba ko yana numfashi. Idan jini yana zuba, ka ninka rawani ko ƙyalle mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi, ban da ɗagawa don leƙe. Kada a ba shi ruwa ko da ya roƙa, saboda wataƙila a yi masa tiyata.