Likita, me ya sa ruwa ke sarƙe Baba?

Tambaya daga Garwa: Mahaifina yana da kansar maƙoshi, wata biyar ke nan tuwo ba ya wucewa sai kunu. Yanzu ko ruwa ya kurɓa sai tari ya turnuƙe shi, har kunun ya fito cikin kaki. Ga zazzaɓi.

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ku daina ba shi komai ta baki, ku kai shi asibiti yau ɗin nan. Bututun abinci, mai tsawon kusan santimita 25, yana manne ne a bayan bututun iska. Idan kansa ta yi nisa takan ci bangon da ke tsakaninsu har ta huda, sai abin da aka haɗiya ya zarce huhu. Zazzaɓin nan alama ce huhun ya kamu, don haka za a fara da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan sikana (na'urar hoton cikin jiki) da fibroskopi (siririn tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki) su nuna inda hudar take.

Abin da ya fi kawo sauƙi shi ne sitent, wani ɗan bututu na ragar ƙarfe mai rufi da ake zurawa ta baki, ya buɗe a ciki ya toshe hudar. Ba ya warkar da kansar, amma sau da yawa mara lafiya kan koma shan kunu. Inda babu shi, ana sa tiyo ta fatar ciki a riƙa ɗura abinci da sirinji. Na sha ganin dangi sun ƙi tiyon, wai an hana tsoho abinci, ana fita su miƙa masa kofi a ɓoye. Tausayi ne, amma cikin huhu yake sauka.

Tambaya daga Kuseri: Yayana ma yana da wannan kansar, muryarsa ta dishe, numfashinsa na fita da ƙara kamar usur. Mu wuce Duwala a yi masa gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura?

Malam, kada ku ɗauki hanya da shi a haka. Dishewar daga jijiyar murya ce da ƙarin ya taɓa, ƙarar kuwa hanyar iska ce ta matse. A asibiti mafi kusa za a zaunar da shi, a sa masa iskar oksijin, a yi masa allurar rage kumburi irin dezametazon. Babban Asibitin Duwala yana yin wannan gashin, amma sai numfashi ya daidaita, likitansa ya rubuto takarda. Ku kuma tambayi mofin, tana rage zogi da haki.

Tambaya daga Marwa: Da gaske shayi na kawo wannan ciwo?

Zafin ne abin lura. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Taba da giya, har bilbil da arki, sun fi shi ɓarna. Idan mai shayi ya tsiyaya, bar kofin ya sha iska tukuna.